Kafin a Ce Mun Cika Danne-danne: Ina Cajin Wayarmu Yake Tafiya?



Akwai wata tambaya da nake jin babu gidan da ba a taɓa yin ta ba a cikin gidajenmu: "Me ya sa na kira wayarki na ji ta a kashe?" Amsar ma kowa ya san ta: "Mama, caji ne ya ƙare." Daga nan sai a ce, "Ai dole ya ƙare, tunda ba kya ajiye ta." Sau da yawa iyayenmu ne suke da gaskiya, ban musa ba. Amma ina neman izini in ba da labarin wata rana da na yi awa huɗu ban taɓa wayata ba, kuma duk da haka ta mutu a daidai lokacin da na fi buƙatarta. Abin da na gano bayan wannan rana shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata Asabar ce a watan Disamba da ya wuce. Na fito daga gida cajina ya haura rabi, wanda a ranakun makarantar boko yakan kai ni har dare. Kamar yadda kuka sani, ajinmu na manya a ƙasan gini yake, sai an sauka matakala, tagoginsa ƙanana ne can kusa da rufi. Dokar aji ita ce kowa ya kashe ƙarar wayarsa ya sa ta a akwatin da ke kan teburin Malam. Doka ce mai kyau, kuma ban zo don in soke ta ba. Da aka tashi ƙarfe huɗu na ɗauki wayata, sai na ji ta da ɗumi, alamar batir kuma ta koma ja. Kafin ni da ƙanina mai shekara tara mu ƙarasa tashar jirgin Wheaton, inda Mama takan ɗauke mu, wayar ta ɗauke ɗif.

A ranar an riƙe Mama a wurin aiki. Ta turo saƙo cewa kada mu jira ta, mu hau bas mu wuce gidan innarmu. Ban ga saƙon ba. Muka tsaya muna jira. Duk wanda ya san Disamba a nan ya san rana takan faɗi tun kafin ƙarfe biyar. Duhu ya yi, sanyi ya shiga ƙashi, ƙanina ya fara kuka a hankali don kada in gani. Can Mama tana ta kira, Inna ta ce ba mu iso ba, Baba ya baro aikinsa yana zagaye unguwa. Sai da muka fi awa ɗaya sannan na yi ƙarfin hali na roƙi wata mata aron wayarta. Allah ya taimake ni na haddace lambar Baba. Har yau ban manta fuskar Mama ba lokacin da muka shiga gida. Ba ta yi faɗa da yawa ba, cewa kawai ta yi, "Na saya miki waya ne don in same ki."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Na rantse ban yi danne-danne ba, amma ba ni da hujja. Ranar Litinin na kai ƙorafina wurin malaminmu na kimiyya a makarantar boko. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Sanda nawa wayarki take nunawa a wannan ajin?" Asabar ta gaba na duba. Sanda ɗaya ce, wani lokaci ma ta ɓace ta dawo.

Waya ma tana ɗaga murya

Mu kan manta cewa waya rediyo ce mai ji kuma mai magana. Duk saƙon da ya shiga ko ya fita, ta iska yake bi tsakaninta da ƙarfen sabis mafi kusa. Idan kana zaune kusa da mutum, raɗa ma ta isa ya ji ka. Idan yana can ƙarshen fili, ko akwai bango tsakaninku, sai ka ɗaga murya, ya ce "me ka ce?", ka sake maimaitawa. Haka waya take yi. Idan sabis yana da ƙarfi, takan yi magana da ƙaramin ƙarfi. Idan ya yi rauni, ƙarfen sabis yakan umarce ta ta ƙara, har ta kai iyakarta, wadda a tsarin LTE kusan miliwat 200 ce ga yawancin wayoyi. Siminti, ƙarfen gini da ƙasa duk suna rage ƙarfin siginar, shi ya sa ɗakin da ke ƙarƙashin gini ya fi kowane wuri wahalar da waya.

Asarar kuma hawa uku ce. Ta farko ita ce ɗaga muryar. Ta biyu ita ce ɗaukar lokaci: abin da zai sauka cikin daƙiƙa biyar a wuri mai sabis yana iya cin minti guda ko fiye a wuri maras sabis, kuma duk tsawon lokacin rediyon wayar a farke yake, wasu guntayen saƙon suna ɓacewa a hanya ana sake turo su. Ta uku ita ce nema: idan sabis ya ɓace gaba ɗaya, waya ba ta haƙura ta zauna, sai ta yi ta laluben inda za ta kama.

Akwai kuma wani abu da masana suke kira wutsiya. Bayan waya ta gama karɓar saƙo, rediyonta ba ya komawa barci nan take, yakan zauna a shirye na wasu daƙiƙoƙi ko wani saƙon zai biyo baya. A 2009 masu bincike a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst sun auna wannan a tsarin 3G, suka ga kusan kashi 60 cikin ɗari na wutar da ake kashewa wajen tura bayanai tana tafiya ne a wannan zaman jiran. Ma'ana, ƙananan saƙonni hamsin da suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tasa wutsiyar, sun fi cin caji a kan a ce sun shigo a dunƙule lokaci guda.

Da na fahimci wannan, sai na koma na duba abin da ya faru a wannan Asabar. Ashe ranar ake bikin 'yar kawuna a Kano. A lokacin sanyi Kano tana gabanmu da awa shida, don haka sha biyun ranarmu ita ce shidan yammarsu, daidai lokacin da taro yake cika. Zauren danginmu na WhatsApp ya cika da hotuna, bidiyo da saƙonnin murya, ni kuma na bar wayata a kan ta riƙa sauke komai da kanta. Ina zaune ina karatu, ita kuma tana cikin akwati tana kokawar jawo bidiyon biki daga Kano da sanda ɗaya. Kashe ƙara ya hana ta damun aji, amma bai hana ta aiki ba. Sanyin da muka fito cikinsa ya ƙarasa sauran, domin batir ba ya jure sanyi mai tsanani.

Binciken da aka yi a maƙwabtanmu

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, wannan matsala an yi nazarinta a nan kusa da mu. Duk wanda ya taɓa hawa koren layin Metro ya san tashar College Park, inda Jami'ar Maryland take. A 2010 wani ɗalibin digiri na uku a jami'ar, Aaron Schulman, da malaminsa Neil Spring, tare da masu bincike na kamfanin Microsoft a Indiya, sun gabatar da wani aiki mai suna Bartendr a taron masana sadarwar wayar hannu da ake kira MobiCom. Sun auna suka ga cewa wutar da waya take kashewa don tura bayani iri ɗaya tana iya ninkawa har sau shida idan sabis ya yi rauni, in aka kwatanta da lokacin da yake da ƙarfi.

Dabarar da suka kawo mai sauƙin fahimta ce. Yawancin mutane hanya ɗaya suke bi kullum, daga gida zuwa aiki ko makaranta. Idan waya ta koyi hanyar, za ta san inda sabis yake da ƙarfi da inda yake faɗuwa. To, abin da ba na gaggawa ba, kamar duba wasiƙun imel ko tara bidiyon da za a kalla nan gaba, sai ta jinkirta shi har a iso wuri mai kyau, ta yi shi da sauri ta koma barci. Sun nuna cewa wajen kallon bidiyo ana iya rage wutar da sadarwa take ci har da kashi 60 cikin ɗari.

Wani zai ce wannan tsohon bincike ne, tunda manyan kamfanonin waya na Amurka sun rufe 3G tun 2022. Haka ne, alƙaluman za su bambanta a wayoyin yau. Amma bango bai daina tare sigina ba, nisa bai daina rage ta ba. Kamfanonin da suke ƙera waya ma sun bi wannan tunani. A 2015 tsarin Android ya zo da dabarar da take sa waya ta tara ayyukanta ta yi su lokaci guda idan an ajiye ta ba a taɓawa. A shekarar ne kuma iPhone ta samu yanayin rage cin caji. A 2020, da iPhone 12 ta fito da 5G, Apple ya sa mata zaɓin da take komawa LTE da kanta idan saurin 5G ba zai ƙara wani amfani ba, saboda a tsimi batir. Wato su kansu sun yarda cewa netwok mafi sauri ba kullum ne ya fi dacewa ba.

Wi-Fi: maƙwabci na kusa

Zaɓi na biyu da muke da shi kullum shi ne tsakanin data da Wi-Fi. Tarihin Wi-Fi ma ya ratsa ta garin nan. A 1985 hukumar kula da sadarwa ta Amurka, FCC, wadda ofishinta yake Washington, ta buɗe wasu zangunan rediyo don kowa ya yi amfani da su ba tare da lasisi ba. Wannan shawara ce ta buɗe ƙofar da aka bi har aka kai ga ƙa'idar farko ta Wi-Fi a 1997.

Dalilin da ya sa Wi-Fi yake da sauƙin caji a bayyane yake: na'urar tana cikin falo ko a bango kusa da kai, ƙarfen sabis kuwa yana iya kasancewa nesa da mil guda ko fiye. A 2012 masu bincike daga Jami'ar Michigan da kamfanin AT&T sun auna wayoyin LTE na farko, suka ga a wasu ayyukan cin wutarsu ya ninka na Wi-Fi har sau 23. Wayoyin yanzu sun inganta sosai, amma har yau shawarar da Apple yake bayarwa ita ce a bar Wi-Fi a kunne domin ya fi data sauƙin caji, a kuma sa yanayin jirgin sama idan an shiga wurin da babu sabis ko yake da rauni. Na faɗi wannan ne saboda na san wasu ƙawayena suna kashe Wi-Fi wai don caji ya daɗe, alhali suna zaune a gida kusa da na'urar. Suna gudun gara ne suna faɗa wa zago.

Sai dai a kula, Wi-Fi mai rauni shi ma wahala ne. Idan kana bakin titi kana jiran mota, wayarka ta maƙale wa Wi-Fi ɗin gidanku daga hawa na uku, tana ja da ƙyar, gara ka sake shi ka koma data. Ƙa'idar guda ɗaya ce: ka zaɓi wanda ya fi kusa kuma ya fi ƙarfi, abin da zai iya jira kuma ka bar shi ya jira.

Mu da muke hawa Metro muna da misali a gabanmu kullum. Tashar Forest Glen zurfinta ƙafa 196 ne, har ba ta da matakala mai tafiya sai lifta. Ta Wheaton kuwa matakalarta ƙafa 230 ce. A da, da zarar jirgi ya shiga rami sabis ya tafi ke nan. A watan Janairu na 2021 aka sanar da kammala sa sabis a dukkan ramukan jirgin, kuma wannan babban ci gaba ne ga tsaron fasinja. Amma waya a cikin jirgi mai gudu tana ta sauya eriyar da take magana da ita, ga ɗaruruwan mutane suna rabon layi ɗaya. Karatun da zan saurara a hanya, ko darasin da zan kalla, yanzu a gida nake sauke shi da Wi-Fi tun da dare. A jirgi sai dai in kunna.

Kakata ta riga su sani

Da nake yi wa Baba bayanin Bartendr, sai ya yi dariya ya ce, "Ai wannan Hajiya ce." Yana nufin mahaifiyarsa, kakata, wadda take zaune a wani ƙauye bayan Bichi a jihar Kano. Hajiya ba ta yi boko ba, amma ƙaramar wayarta takan yi kwanaki ba a kai ta caji ba. Ta san a cikin ɗakinta babu sabis, don haka ba ta barin wayar a kunne a can. Ta san a gindin darbejiyar ƙofar gida sabis yake zama. Ta san layin da ya fi kamawa a garin a cikin layuka biyun da take da su. Idan za ta kira mu, sai ta tara duk maganganunta, ta fito gindin bishiyar, ta kunna, ta gaisa da kowa, ta kashe. Dalilinta a fili yake: caji a wurinsu kuɗi ne, sai an aiki yaro wurin mai caji an biya.

Abin da masana suka rubuta da lissafi, Hajiya tana yin sa da hankali: wane netwok, a wane wuri, a wane lokaci. Mu da aka haifa a inda wuta ba ta ɗaukewa mun rasa wannan ilimin, saboda ba mu taɓa biyan kuɗin cajin waya da hannunmu ba. Muna ganin soket yana ko'ina. Amma babu soket a tashar bas, kuma ko a nan wuta takan tafi. Iyayenmu da suke yankin nan a 2012 suna tuna guguwar daren 29 ga Yuni, wadda ta bar miliyoyin mutane babu lantarki, wasu har kusan mako guda, cikin tsananin zafi, har layin gaggawa na 911 ya samu matsala a arewacin Virginia. Mama ta ce a kwanakin nan mutane a cikin mota suke cajin waya. A irin wannan rana, wanda ya iya tsimin caji shi ne yake jin muryar 'yan'uwansa.

Abin da za a iya ce mini

Na san akwai masu ja da maganata, kuma wasu hujjojin nasu suna da ƙarfi.

Na farko, za a ce fuskar waya da wasanni da bidiyo su ne suka fi cin caji. Gaskiya ne idan wayar tana hannu. Wanda ya yi awa uku yana kallo da haske a ƙure, kada ya ɗora laifi a kan sabis. Ban rubuta wannan don in wanke mu ba. Cewa nake yi akwai rami na biyu da cajin yake zurarewa, wanda ba a gani domin wayar tana cikin jaka ko akwati, kuma toshe shi ba ya buƙatar ko sisi.

Na biyu, za a ce a sayi fawa banki a huta. Ina da ita yanzu, Baba ya saya mini washegarin abin da ya faru. Amma ita ma sai an tuna an yi mata caji, an tuna an ɗauko ta da igiyarta. Kuma ba ta hana batir tsufa. Apple ya ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an tsara shi ne ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500. Duk cajin da ya ƙone a banza yana cikin wannan lissafi. Idan batir ya mutu da wuri, iyayenmu ne za su fitar da daloli, su da suke biyan haya a nan suna kuma aika wa na gida.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi: uwa za ta ce, "Idan wayarki tana yanayin jirgi, yaya zan same ki idan wani abu ya faru?" Wannan tambaya ce ta gaskiya. Waya a yanayin jirgi ba ta karɓar kira, ba ta kuma karɓar sanarwar gaggawa da hukuma take turowa. Amma mu duba yadda abin yake yanzu: wayar tana cikin akwati, ƙararta a kashe, ko an kira ba mai ji. A lokacin aji, hanyar samun yaro ita ce lambar ofishin makaranta ko ta malami, kuma wayoyinsu a kunne suke. Lokacin da uwa take buƙatar wayar ɗanta da gaske shi ne bayan an tashi, yana kan hanya. A Amurka ko wayar da babu layi a cikinta tana iya kiran 911, amma wadda babu caji ba ta iya kiran kowa.

Na huɗu, za a ce Wi-Fi na waje yana da haɗari. Wannan ma haka ne. Kada mu hau kowane Wi-Fi da muka gani a buɗe don kawai babu kalmar sirri. Na gida, na makaranta, na laburaren gwamnati da muka sani, waɗannan sun isa. Wanda ba mu san mai shi ba, mu bar shi.

Na biyar, za a ce tunda wayoyin zamani suna da wayo, a bar su su zaɓa da kansu. Suna ƙoƙari, amma waya ba ta san cewa za ka yi awa huɗu a ƙasan gini ba, ba ta san bidiyon biki zai iya jira har dare ba, ba ta kuma san ƙarfe huɗu da rabi ne Mama za ta neme ka ba. Kai ka san wannan.

Roƙona

Ga 'yan'uwana ɗalibai: kafin ka sa waya a akwati, ka kalli sandunan sabis. Idan ɗaya ce ko biyu, ka taɓa alamar jirgin sama. Da an tashi, tun kana kan matakala, ka cire ta, ka jira saƙonni su shigo, ka karanta na iyayenka kafin na kowa. Ka shiga saitin WhatsApp ka hana shi sauke hoto da bidiyo da kansa sai a kan Wi-Fi. Sabunta manhajoji da adana hotuna su ma ka mayar da su kan Wi-Fi kaɗai. Idan wayarka tana da 5G, ka bar ta a kan zaɓin da take sauyawa da kanta. Abin da za ka saurara a hanya ka sauke shi tun a gida. Sannan ka haddace lambar mutum biyu a gidanku, ko ka rubuta a takarda ka sa a jaka. Kada ka yarda da maganata kawai: ka rubuta yawan cajinka kafin aji da bayan aji wannan Asabar, mako mai zuwa ka sa yanayin jirgi ka sake rubutawa. Ni da na gwada, cajin da ƙyar ya motsa.

Ga iyayenmu, da girmamawa: idan wayar yaro ta mutu, a tambaye shi inda ya wuni kafin a yanke hukunci. A cikin saitin kowace waya akwai shafin batir da yake nuna manhajar da ta ci caji da lokacin da ta ci, a iPhone ma har yakan nuna idan raunin sabis ne ya jawo. Ku duba tare da mu. Idan danne-danne ne, shafin zai tona mana asiri, mu kuma mu karɓi faɗan. Ku adana lambar ofishin makaranta. Kuma a yi yarjejeniya a gida tun kafin rana ta ɓaci: idan waya ta mutu, a ina za a tsaya, minti nawa za a jira, wa za a nema. Da muna da wannan yarjejeniya, da ƙanina bai yi kuka a tasha ba. Wannan shawara ta shafe ku ma, musamman masu aiki a ƙasan asibitoci, manyan shaguna da wuraren ajiye motoci, da masu tuƙi da wayarsu ce jarinsu.

Ga hukumar makarantarmu da malamanmu: ina roƙon a ƙara jimla ɗaya a dokar akwati. Maimakon "a kashe ƙara", a ce "a sa yanayin jirgi ko a kashe gaba ɗaya". Wannan zai ma fi kawo natsuwa a aji, domin babu wayar da za ta yi ta kunna haske tana karkarwa a kan tebur. A manna takarda a jikin akwatin don tunatarwa, a kuma rubuta lambar ofis a kan allon sanarwa da kowace takarda da ake aika wa iyaye. Minti biyu kafin a sallame mu, a ba mu dama mu kunna waya a ƙofar fita mu ga ko akwai saƙo daga gida, musamman a watannin sanyi da duhu yake saurin yi.

Hausawa suna cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wayar da take ta fama da sanda ɗaya a ƙasan gini, gara a ce mata ta zauna ta huta har a fito sarari. Ranar Asabar da ta wuce, da muka fito daga aji, na cire alamar jirgi a kan matakala, saƙon Mama ya shigo: tana bakin tasha, mu yi sauri. Na amsa mata nan take, cajina kuma yana nan kusan yadda na baro gida da shi.

Allah ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, ya kai mu gidajenmu lafiya.